Gado ɗaya, hujja uku, ba wanda ya ji wani

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'a. Ina da tambaya ga masu ilimi a cikinmu. Me ya sa mutum zai kawo hujjar da a wurinsa ta fi rana fitowa fili, amma wanda yake gaya wa ko gezau?

Ga abin da ya jawo ta. An kira ni zaman sulhu kan rabon gado a Tafo, nan Kumasi ta ƙasar Ghana. Wani bawan Allah ne Batone, wato ɗan ƙabilar Asante da muke kira Tonawa, ya musulunta tun yana saurayi, ya auri 'yar Zango, unguwarmu ta Hausawa da sauran Musulmi, suka haifi 'ya'ya huɗu, maza biyu mata biyu. Allah ya yi masa rasuwa bai bar wasiyya ba. Ya bar gidan da ya gina da guminsa, da shago, da gonar koko a ƙauyensu wadda shi ma a hannun kawunsa ya gaje ta. Mahaifiyarsa tana da rai, tsohuwa ce tukuf, 'yar coci.

Yayan matar ya zo da malami da takarda, an riga an buga lissafin fara'ili, wato rabon gado na shari'a. Dangin mamacin sun zo da shugaban danginsu, suka ce ɗan ƙanwarsa ne magaji. Babbar 'yarsa kuma, wadda ta yi boko, ta ce ba wannan ba wancan, dokar ƙasa za a bi. Tun bayan azahar har aka kira magariba ana abu ɗaya. Malam ya karanta aya, Tonawa suka saurara da ladabi, har da gyaɗa kai, sannan suka ci gaba da maganarsu kamar ba a ce komai ba. Su ma da suka kawo tasu, haka ɓangarenmu ya yi. Da aka fassara wa tsohuwar cewa a lissafin malam ba ta da kaso saboda bambancin addini, sai ta daina murza bakin zaninta, ta ɗago ta ce da tafinta ya sake tambaya, ɗan da ta haifa ake nufi ko wani.

Na tashi ina ganin ba taurin kai ne kaɗai ya hana su jin juna ba. Ko kuwa ni ne ke yi musu uzuri?

Matashin Asawase: Wa alaikumus salam. Yaya, kai ne ke yi musu uzuri. Mutumin nan Musulmi ya mutu, an yi masa wanka, an sallace shi. Allah da kansa ya raba gado a Suratun Nisa'i. Ina sauran muhawara? Kwaɗayin gida ne ya kawo su, shi ke nan.

Jikar Tonawa: Ƙanena, bi a hankali. Kakata ta wajen uwa Batoniya ce, a hannunta na yi ƙuruciya, don haka bari in gaya maka yadda suke ganin abin, ko da ni ban bin sa.

A wurinsu jini daga uwa yake zuwa. Daga uba ɗa yake samun ruhi da hali, amma dangi, wanda suke kira abusuwa, ta uwa ake ƙirga shi. Manyan dangogin nan takwas ne, irin su Oyoko da Asona da Biretuwo da Aduwana, kuma kowane Batone na ɗaya daga ciki ta hanyar uwarsa. To 'ya'yan mutum ba 'yan danginsa ba ne, 'yan dangin matarsa ne. Ɗan 'yar'uwarsa shi ne jininsa. Idan ka ce musu ɗa ya fi kusa da uba, ba su ji hujja ba, sun ji ka faɗi abin da tun farko ba su yarda da shi ba. Su a kunnensu, kana cewa a kwashe dukiyar gida a miƙa wa wani gida ne.

Kuma ba a ƙauye kaɗai abin yake ba. Dubi Manhiya, fadar Sarkin Asante. Otumfuo Osei Tutu na biyu da ya hau kujera a 1999, ta wajen mahaifiyarsa ya cancanta, Nana Afia Kobi, wadda ita ce uwar sarautar Asante har ta rasu a 2016. Sarautar da muke zaune a ƙarƙashin inuwarta a kan wannan ƙa'ida take tsaye. Mutumin da ya tashi a cikin wannan, yaya za ka ce masa kwaɗayi ne kawai?

Matashin Asawase: Yaya, na ji. Amma al'ada ba ta ture nassi.

Jikar Tonawa: A wurina da wurinka, haka ne. Tambayar Ɗan Aboabo ita ce me ya sa ba ta shiga kunnen wanda bai yarda da nassin ba.

Ɗalibin Tek: Da izinin manya. Ina ganin abin da ake kewayawa shi ne: kowace hujja tana da abin da ake faɗa da baki, tana da abin da aka ɗora ta a kai wanda ba a faɗa, saboda mai maganar yana ganin kowa ya san shi. Rigima takan zauna ne a wannan da ba a faɗa ba.

Ko a lissafi haka yake. Tun firamare aka koya mana cewa kusurwoyin alwatika uku in an haɗa su digiri 180 ne, kuma akwai hujja tsaf da ke tabbatar da haka. To tashi daga can ƙuryar arewa ta duniya, ka gangaro ta layin Girinwic ɗin nan da ya ratsa garin Tema na bakin teku, har ka isa layin da ya raba duniya biyu a cikin teku kudu da mu. Ka juya gabas, ka yi rubu'in kewayen duniya, ka sake juyawa arewa ka koma inda ka fito. Ka zana alwatika mai kusurwa uku, kowace digiri 90, jimla 270. Malamin firamare bai yi ƙarya ba. Hujjarsa a kan shimfiɗaɗɗen allo aka gina ta, kuma bai ga dalilin faɗar haka ba tunda allon ne a gabansa.

Bakanike Suame: Ɗalibi ya yi magana. Mu a Magazin, mazaunin kanikawa a Suame, kullum muna ganin irinsa. A kawo maka fulogi sabo fil, mai kyau, ba jabu ba, amma na wata mota ne. Ka saka, injin ya ƙi tashi. Fulogin bai lalace ba, injin bai lalace ba. Hujja ma da injin da aka ƙera ta dominsa.

Malam na Sawaba: Assalamu alaikum. Na karanta duka, Allah ya yi muku albarka. Ɗana na Asawase, hukuncin da ka faɗa daidai ne, kuma ba zan rage masa komai ba. Amma abin da ɗalibi ya kawo ba baƙo ba ne a karatunmu. Malaman munazara, wato ilimin muhawara, suna sharɗanta cewa kafin a fara jayayya sai an tantance inda saɓanin yake, kuma ba a kafa wa mutum hujja sai da abin da ya sallama. Wanda ya tsallake wannan ya ɓata yawunsa.

Ku duba Suratul Baƙara, aya ta 258. Annabi Ibrahim, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ya ce da sarkin nan: Ubangijina shi ne mai rayawa da kashewa. Sarki ya ce ni ma ina rayawa ina kashewa. Maganar Annabi Ibrahim gaskiya ce tsantsa, amma sarki ya ɗauke ta ya saka cikin tunaninsa na mai mulki, wanda yake kashe wanda ya so ya yafe wa wanda ya so. Annabi Ibrahim bai tsaya yana maimaita ta da ƙarfi ba. Ya koma inda sarki ba shi da wurin zamewa: Allah yana fito da rana daga gabas, kai fito da ita daga yamma. Nan aka rufe bakinsa. Haka Ja'afaru ɗan Abu Ɗalibi ya yi a gaban Najjashi na Habasha, ya karanta masa farkon Suratu Maryam, saboda ya san abin da zuciyar Kirista ta riga ta girmama.

Sannan ko tsakanin malamai abin yana nan. Hadisin da ya ce mai saye da mai sayarwa kowanne yana da zaɓi matuƙar ba su rabu ba, Imamu Malik ne ya ruwaito shi a Muwaɗɗa, daga Nafi'u daga Ibnu Umar, isnadin da babu kamarsa. Amma bai yi aiki da zahirinsa ba, domin bai tarar da mutanen Madina suna aiki da shi ba, kuma a usulinsa aikin mutanen Madina, jikokin sahabbai da suka gada hannu da hannu, shi ma ruwaya ce mai ƙarfi. Almajirinsa Imamu Shafi'i ya yi aiki da hadisin, domin a nasa usulin hadisi in ya inganta ba aikin wani gari da zai sha gabansa. Malik ya rasu 179 bayan hijira, Shafi'i 204. Dukansu sun san hadisin, dukansu sun yarda ya inganta. Da za ka tsaya gaban Malik kana karanta masa shi har gobe, ba ka ƙara masa komai ba, shi ya koya wa mutane shi. Saɓaninsu a tushe yake.

Da samarinmu sun gane wannan, da rabin hayaniyar ƙabalu da sadalu da aka sha a masallatan Zango ba a yi ta ba.

Baba na Yalwa: Malam, Allah ya ƙara ilimi. Ni dai na ga zamanin da ake raba sahu a kan wannan, ɗa ya ƙi bin ubansa salla. Allah kada ya maimaita.

Matashin Asawase: Allah gafarta Malam, na karɓa. Amma ga tsorona. In muka ce kowace hujja da gidanta, gobe wani zai ce to kowa da gaskiyarsa ke nan, mai tsafi da gaskiyarsa, mai salla da gaskiyarsa. Yaranmu da ke jami'a irin wannan maganar ce ke kwance musu kai.

Nas mai aikin dare: Ɗan'uwa, tsoronka yana da wuri, amma ba can maganar ta nufa ba. Bari in kawo daga aikinmu.

A 1847 a wani babban asibiti a birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wani likita ɗan Hungari mai suna Semelwais ya lura cewa mata masu jego sun fi mutuwa da zazzaɓi a ɓangaren da likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, fiye da ɓangaren ungozoma. Likitocin daga ɗakin fiɗar gawa suke fitowa su wuce kai tsaye wurin masu naƙuda. Ya sa dokar wanke hannu da ruwan kulorin. Mutuwa ta sauko daga kusan 18 cikin ɗari a wata guda zuwa ƙasa da 3. Lambobi ne a rubuce, ba ji-ta-ji-ta ba. Amma manyan likitoci da yawa suka ƙi. A iliminsu na lokacin cuta daga gurɓatacciyar iska take, ko daga rikicewar ruwayen jiki, kuma kowace mara lafiya da nata dalilin. Babu gurbin da za su ajiye maganar cewa wani abu da ido ba ya gani yana maƙale a hannun likita. Ya rasu a 1865 ba a yarda da shi ba. Sai da ilimin ƙwayoyin cuta ya kafu sannan aka ga ashe hujjarsa a fili take.

To ka gani, gaskiya ne tsarin tunaninsu ya toshe musu kunne. Amma matan nan da gaske suke mutuwa, kuma hannun da ba a wanke ba ne yake kashe su, ko likitocin sun yarda ko ba su yarda ba. Ba kowa da gaskiyarsa ba ne. Ɓangare ɗaya yana kan daidai, ɗaya yana kan kuskure. Abin da ya rage shi ne ba a iya cire su daga kuskuren da lamba kaɗai ba, sai da aka taɓa tushen.

Ni kaina kullum ina fama da wannan. Uwa ta kawo yaro yana sanƙarewa, kaka tana cewa iska ce. In na ce mata zazzaɓin cizon sauro ne ya hau kansa, ki bar maganar iska, na rasa ta, gobe ba za ta dawo da shi ba. In na ce Inna, ki ci gaba da tofa masa addu'a, ni kuma bari in sa masa ruwa da allura, Annabi ma ya ce a nemi magani, sai ta zauna ta riƙe mini hannun yaron.

Matashin Asawase: Wannan ya shige ni, Anti. Na gode.

Ƙaramar Lauya: Bari in shigo da ɓangare na uku, domin kowa ya bar 'yar mamacin ita kaɗai.

Dokar da take nufi ita ce ta gadon wanda ya mutu ba wasiyya, lamba 111, wadda gwamnatin mulkin soja ta PNDC ta kafa a 1985. Tana hawa kan kowa, Musulmi da Kirista da mai gargajiya. Kafin ta, Musulmin da ya yi rajistar aurensa ƙarƙashin dokar auren Musulmi ta 1907 ana raba gadonsa bisa shari'a, amma dokar 111 ta soke wannan sashe. Abin da ta ce a taƙaice: kayan ɗaki na mata da 'ya'ya ne. In gida ɗaya ne, na mata da 'ya'ya ne tare. Abin da ya saura a kasa shi 16, mata ta ɗauki 3, 'ya'ya 9, iyaye 2, sauran 2 a bi da su yadda al'adar mamacin ta tanada. Ba ta bambanta ɗa namiji da 'ya mace. Kuma gyaran da aka yi mata a 1991 ya haramta korar mata ko 'ya'ya daga gidan kafin a raba gado.

Abin da nake so ku lura da shi, ita ma dokar ba daga sama ta faɗo ba tsirara. Tana da nata tunanin a ƙasa: cewa iyali shi ne miji da mata da 'ya'yansu, kuma su suka sha wahalar tara dukiyar. Wannan tunanin ya yi ƙarfi ne da noman koko. Mutum ya tafi daji mai nisa ya sari gona, matarsa da 'ya'yansa su yi shekaru suna shuka da shara da fasa koko da shanya, ran da ya mutu ɗan 'yar'uwa ya zo daga gari ya karɓi makulli. Tsarin da ya dace da ƙasar dangi wadda kakanni suka bari, sai ya zama zalunci a kan gonar da mace ta ƙare ƙarfinta a ciki. Tonawa da kansu sun daɗe suna kuka da wannan kafin 1985.

Sai kuma abin da zai sauƙaƙa zaman Tafo. Dokar 111 ba ta taɓa dukiyar dangi ko ta sarauta, sai abin da mutum ya samu da kansa. Gonar da ya gada a hannun kawunsa a matsayin magajin dangi, riƙo aka ba shi, ba mallaka ba.

Malam na Sawaba: 'Yata, tsaya nan, wannan magana ce babba. A shari'a ma ba a raba sai abin da mamaci ya mallaka. Amana ana mayar wa masu ita kafin a taɓa lissafi. In ta tabbata gonar riƙo ce, to ba ta cikin tarika, wato dukiyar da za a raba, tun farko, kuma wanda ya saka ta cikin fara'ili ya raba dukiyar mutane. Kun ga a kan gonar duk ukun bakinsu ɗaya, ba su sani ba.

Baba na Yalwa: Haka na ji ana yi a wani yanki na Indonesiya, mutanen Minankabau. Musulmi ne na ƙwarai, amma ƙasar kakanni ta wajen uwa take bi, abin da mutum ya nema da hannunsa kuma a raba shi bisa shari'a. Kuma Ibnu Baɗɗuɗa da ya sauka Walata a 1352 ya tarar da mutane masu kiyaye salla da karatun fiƙihu, amma 'ya'yan 'yar'uwa ke gadonsu, har abin ya ba shi mamaki. Ba yau aka fara wannan karon ba.

Hajiya mai goro, Alabar: Salamu alaikum. Ni ban yi boko ba, jikata ke rubuta mini. Na saurara, kowa ya yi magana mai daɗi, amma akwai inda nake so in taɓa, kuma Malam ka yi haƙuri da ni.

Kun ce kowace hujja da abin da ke riƙe da ita. To kason namiji biyu na mace, me ke riƙe da shi? Tun muna yara aka gaya mana saboda namiji shi ke biyan sadaki, shi ke ciyarwa, in 'yar'uwarsa ta fito daga gidan miji wuyansa take komawa. Na yarda. Amma Malam, zaga Zango da asuba ka gani. Wa ke hura wutar wake da shinkafa tun ƙarfe uku? Wa ke dama koko, wa ke suyar ƙosai, wa ke biyan kuɗin makaranta? Na san gidajen da 'yan'uwa maza suka karɓi kasonsu biyu-biyu, suka sayar da ɗakunan, ƙanwarsu da marayunta tana haya a Sawaba, ko sallar idi ba mai leƙa ta. Ranar rabo kowa ya haddace aya. Ranar ciyarwa kowa ya manta.

Shi ya sa ba na zagin yarinyar nan da ta ce dokar ƙasa. Ba addini ta ƙi ba. Ta duba ta ga abin da ya sami wasu, ta ji tsoro.

Kuma haka zan ce wa Tonawan. Kakanninsu da suka ce ɗan 'yar'uwa ya gada, ai ba dukiya kaɗai yake gada ba. Yana gadon bashin mamaci, yana gadon kula da matarsa da 'ya'yansa. Shi wannan ɗan ƙanwar, ya shirya ɗaukar yara huɗu? Ya je asibiti da kawun nasa ke kwance?

Jikar Tonawa: Hajiya, wallahi kin faɗi abin da kakata ke faɗa. Magaji a wurinsu uba ne na biyu. Wanda ya ci dukiya ya watsar da yara, su kansu suna ganin ya ci amanar dangi.

Ɗan Aboabo: Hajiya, kin ba ni ma'aunin da na rasa. Ashe ta nan ake gane mai gaskiya da mai kwaɗayi: wanda ya jawo hujja daga wani tsari, a duba ko ya yarda ya ɗauki nauyin da tsarin ya ɗora masa. Don in faɗi gaskiya, yayan matar da ya zo da takardar lissafi bai ce uffan ba a kan bashin da ake bin shagon, alhali ayar da kanta ta ce bayan wasiyya ko bashi. Shi kuma ɗan ƙanwar, gidan Tafo yake kallo, ba gonar ba.

Matashin Asawase: To kun ga ai maganata ta kwaɗayi ba ta faɗi ba.

Ɗan Aboabo: Ba ta faɗi ba, ƙanena. Amma tsohuwar fa? Ita me take kwaɗayi?

Malam na Sawaba: Hajiya, ba abin haƙuri a maganarki, gaskiya kika faɗa, kuma laifin namu ne masu wa'azi da muke karanta rabin shafi. Sai dai in bambance abu biyu. Ciyarwa hikima ce daga hikimomin hukuncin, amma hukuncin bai rataya a kanta ba, nassi ne yankakke. Ɗan'uwa in ya ƙi ciyarwa ya yi zunubi, za a tambaye shi, amma zunubinsa ba ya canza kason. Gyaran shi ne a tilasta masa nauyinsa, ba a rushe rabon ba. Kuma uba yana da ƙofa tun yana raye: ya yi wa 'ya'yansa kyauta, ya daidaita tsakaninsu, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umarci mahaifin Nu'umanu ɗan Bashir.

Game da tsohuwa, malamin da ya ce ba ta da kaso bai yi kuskure a fara'ili ba, amma ya tsaya inda bai kamata ya tsaya ba. Aya ta 8 a cikin Nisa'in nan dai ta ce idan dangi da marayu da miskinai suka halarci rabo, a ba su wani abu daga ciki, a gaya musu magana mai kyau. Suratu Luƙman ta ce a zauna da iyaye da kyautatawa a duniya ko da ba su bi addinin ba. Da ɗanta ya yi wasiyya, yana da damar ba ta har sulusi, tunda ba magajiya ba ce. Yanzu da bai yi ba, jikokinta baligai suna iya ba ta daga kasonsu, kuma lada ne. Duk wannan a cikin shari'a yake, ba aro aka yi daga waje ba.

Hajiya mai goro, Alabar: Malam, na ji bambancin, ban kuma ja da nassi ba. Amma "a tilasta masa", wa zai tilasta? Nan ba Kano ba ce, ba mu da alƙalin shari'a. Sarkin Zango zai yi nasiha, in yaro ya ƙi ji shi ke nan. Hukuncin ya zo da alƙalinsa da baitulmalinsa, mu kuma mun riƙe rabon, sauran babu. Wannan ramin mata ne ke faɗawa ciki.

Ƙaramar Lauya: Hajiya ta taɓo inda ni ma nake tsayawa. Abin da dokar ƙasa ta bari a buɗe shi ne wasiyya. Dokar wasiyya ta 1971 ta ba mutum dama ya rubuta yadda yake so a raba abin da ya mallaka, ya sa hannu a gaban shaidu biyu da suke tare a lokaci guda. Musulmi yana iya rubuta cewa a raba dukiyarsa bisa shari'a, ya ware sulusi ga wanda ba magaji ba. Sai dai a sani, tsarin mulkin 1992 ya ce ba za a hana miji ko mata rabo mai ma'ana ba, da wasiyya ko babu, kuma kotu tana iya ware wani abu ga iyaye ko mata ko yaron da bai kai 18 ba in wasiyyar ta bar su cikin ƙunci. Ba wasiyya kuwa, in magada duka suka amince a bi shari'a, ba mai hana su. Amma mutum ɗaya in ya ƙi ya tafi kotu, da dokar 111 alƙali zai yi aiki.

Matashin Asawase: To ni a nan nake da sauran magana. Ke nan 'yar tana da ikon da za ta ture lissafin Malam ita kaɗai. Malam, in ta je kotu aka ba ta daidai da 'yan'uwanta maza, abin da ya hau kan kasonta halal ne a gare ta?

Malam na Sawaba: In 'yan'uwan sun bar mata da daɗin rai, halal ne, kyauta ce. In kotu ce ta ƙwata ba da son ransu ba, hukuncin alƙali ba ya halatta abin da yake haƙƙin wani. Wannan zan gaya mata in ta tambaye ni. Amma ba da shi zan fara ba. Zan fara da kiran samarin biyu, in tambaye su a gaban shaidu me suka ɗauka wa uwarsu da 'yan'uwansu mata, a rubuta, a sa hannu.

Hajiya mai goro, Alabar: In za a rubuta, a sa har da kuɗin makarantar ƙaramar, da cewa ba za a sayar da ɗaki ko ɗaya ba matuƙar uwarsu na da rai. Kuma Malam, ranar da za ka kira su, a kira mace ko ɗaya ta zauna a wurin. Ni zan zo in an gaya mini lokaci.